Awon Ƙodar Auta

Maɓallin riga Tela take nema ranar da ta gano an cuce su. Ta jawo durowar ƙasa ta keken ɗinki, wadda ba ta buɗe ba tun rasuwar maigidanta wata biyar da suka wuce, sai ga takardar hoton cikinsa a ninke a ƙarƙashin zare. Ta ɗauko, ta shimfiɗa a kan keken. A gefe kuwa ga takardar 'yarta Auta, wadda aka ba su shekaranjiya a asibiti guda, ɗakin hoto guda.

Tela ba ta yi nisa a makaranta ba, Turancin da ke jikin takardun bai ce mata komai ba. Amma lamba ba ta ɓuya mata, shekara ashirin da shida tana karanta tef ɗin awo. Ta kuma san layin da ake rubuta tsawon ƙoda, don likita ya taɓa nuna mata da biro. A takardar marigayi, ta dama santimita goma da ɗigo ɗaya, ta hagu goma da ɗigo huɗu. A takardar Auta, ta dama goma da ɗigo ɗaya, ta hagu goma da ɗigo huɗu.

Ta goge ido da bakin gyale, ta sake dubawa.

Maigidanta mutum ne mai jiki, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shagon. Auta kuwa 'yar shekara sha tara ce, sirirya kamar tsinke. Tun da Tela take awo ba ta taɓa samun mutum biyu da awonsu ya zo ɗaya daga sama har ƙasa ba, ko da tagwaye ne. Ta cire baƙaƙen hotunan da aka maƙala wa takardun, ta ɗora ɗaya a kan ɗaya, ta ɗaga su a hasken taga. Suka kwanta wa juna daidai kamar hannun riga biyu da aka yanka a ninki guda. Har wani ɗan farin tabo da ke can ƙasa, wuri ɗaya yake.

Nan maganar likitan babban asibitin da maigidan ya cika a cikinsa ta faɗo mata. Ya ce ƙodojin sun tsuke sun koma bakwai, kuma irin wannan tsukewa shekaru take ɗauka. A lokacin ta ce masa ai wata uku da suka wuce takarda ta ce goma. Ya ɗaga kafaɗa. Ita kuma mutuwa ta sha mata kai, ba ta sake bi ta kan maganar ba.

Ta leƙa ɗaki. Auta na kwance ta ɗora ƙafafu a kan matashi. Tela ta danna yatsa a idon sawunta, ramin ya zauna bai tashi ba. Da haka ciwon uban ya fara. Likita ya ce hoto ya fito lafiya, a rage gishiri, a koma gida. Gwajin jinin ƙoda sai an aika da shi wani gari mai nisa, kuma ba ya rubutawa sai hoto ya nuna wani abu. Na'urar hoton kuma ita kaɗai ce a garin. Muddin takardar nan tana tsaye, babu mai sake duba Auta.

"Inna, me kike kallo haka?"

"Ba komai. Kwanta abinki."

Ta tsaya a tsakar gida da takardu biyu a hannu. Da can idan abu ya ɗaure mata kai, juyawa kawai take yi ta ce, "Kai, zo ka ga." Yanzu kujerarsa ce kawai a jingine da bango.

Ta shiga maƙwabta wajen Gwaggo, tsohuwar da ba ta rabuwa da asibiti. Gwaggo ta zazzage jakar takardunta a kan tabarma, Tela ta tsinto ta hoton ciki, ta wata takwas baya. Goma da ɗigo ɗaya, goma da ɗigo huɗu.

"Gwaggo, sun ce ƙodarki biyu lafiya lau."

"Biyu?" Gwaggo ta ɗaga gefen riga, ga tabon ɗinki dogo daga haƙarƙari zuwa ƙugu. "Ta hagu ai tun kafin a haifi Auta aka cire ta. Ashe ta tsiro ban sani ba! Shi ya sa nake jin nauyi ta nan ɓangaren."

Tela ba ta yi dariya ba. Gwaggo ta dube ta, ita ma ta haɗiye tata.

Washegari da sassafe Tela ta tafi asibiti. Ta san yadda aikin yake tafiya, don ta zauna a bencin nan har ya san ta. Mutum biyu ne a ɗakin hoto. Da safe Baba Mai Hoto, dattijo mai sanyin murya wanda ya shekara talatin a wurin. Da rana Dogo, mai zafin kai, wanda ba ya amsa gaisuwa. In an tashi aiki Dogo ke kwasar hotunan duka da guntayen takardun da aka rubuta awo a kai, ya kai wa Sakatariya ta buga. Daga nan Likita ya sa hannu.

Baba ne ya yi wa maigidanta, shi ya yi wa Auta. Amma Tela ba ta sa shi a lissafin waɗanda take zargi ba. Tana tsaye ya yi wa Auta: ya shafa mata man nan mai sanyi, ya juya ta dama, ya juya ta hagu, ya ce, "Ja numfashi, 'yata, riƙe. Madalla, sake shi." Ya fi minti ashirin. Kuma duk asibitin shi kaɗai ya zo mata gaisuwar mutuwa. Saura mutum uku.

Ta fara da Likita. Bai ma ɗago kai ba.

"Malama, awo yana iya zuwa ɗaya. Uba da 'ya ne."

"Likita, ko wuyan riga ba ya zuwa musu ɗaya."

"Ƙoda ba wuyan riga ba ce. Akwai mutum sittin a waje. Na gaba!"

Kafin ta fita ta kalli yadda yake sa hannu, wata doguwar ƙugiya mai jela. A takardar Auta shi ne. A ta marigayi kuwa wani hannu ne dabam, ɗan dunƙule. Ta tambayi mai kiran layi, aka ce lokacin Likita yana hutu, wani ne ya riƙe masa. Likita biyu, ƙarya ɗaya. Ke nan ƙaryar ta riga ta shiga takarda kafin ta iso teburinsu. Ta cire shi.

Sai ta zauna a benci. Kwana biyu tana nan, tana bin mata da gaisuwa, tana cewa, "'Yar'uwa, hoton ƙoda aka yi miki? Don Allah mu ga takardar." Wasu suka yi mata kallon mahaukaciya suka ja jakarsu. Wasu kuma ta taɓa yi musu ɗinki, suka ba ta aro. Rana ta biyu da yamma ta shimfiɗa takarda sha ɗaya a kan teburin yanka. Bakwai awonsu ɗaya, hotonsu ɗaya. Huɗu kowace da nata.

Ta daɗe tana shafa gefen hotunan da yatsa kafin ta gane abin da hannunta yake ji. Huɗun nan, samansu da ƙasansu yana da 'yan haƙora, irin na takardar da aka yaga daga bakin na'ura. Bakwai ɗin kuwa ƙasansu ne kawai mai haƙora. Samansu da almakashi aka yanke. A saman huɗun akwai siririn layin rubutu mai suna da kwanan wata. A bakwai ɗin an datse shi. Yankan kuma duk a karkace, ya fara daidai ya gangara, wani ma ya ci cikin hoton.

Da safe ta tsaya a tagar Sakatariya. Ga almakashi mai jan hannu a kan tebur.

"Ƙanwata, ke kike yanke saman hotunan nan?"

"Ni? A kan me? Yadda aka kawo haka nake maƙalawa."

"To almakashin fa?"

"Na yankan katin marasa lafiya ne." Ta tura mata tarin katin. Tela ta jera su a tafin hannu. Kowane yanka a miƙe kamar an ja da rula.

"Yaushe kika fara aiki a nan?"

"Wata huɗu ke nan. Anti, wai lafiya? Tun jiya ake cewa wata tela tana bin mutane tana karɓar takardu."

"Ni ce. Ba ki taɓa lura lambar tana maimaita kanta ba?"

Sakatariya ta gyaɗa kai. "Na lura. Na ɗauka haka ƙodar mai lafiya take, kamar yadda kowa yatsunsa biyar."

Ta zaro guntayen takardun awo daga ƙusar da take soke su, ta nuna mata. Wasu rubutunsu ƙanana ne, a tsuke. Wasu kuma manya-manya, suna hawa sama suna barin layi, har lamba tana taka lamba. Masu manyan rubutun su ne goma da ɗigo ɗaya, goma da ɗigo huɗu. Takardar Gwaggo ta wata takwas ce, ta marigayi ma haka, yarinyar nan kuwa ba ta zo ba tukuna a lokacin. Tela ta cire ta.

Dogo ta tare a bakin ƙofa yana ɗaure igiyar takalmi.

"Kai kake kwasar hotuna ka kai bugu?"

"Ni ne. Sai aka yi yaya?"

"Kana buɗe na safe?"

"In buɗe aikin wanda ya koya min aiki? A ambulan yake ba ni, a liƙe. Ke wai tela ce ko 'yar sanda? In awo kike so ki koya mana, kawo tef ɗin mu zura a cikin mutum."

"Ku biyu kuna raba aikin daidai?"

"Daidai?" Ya yi tsaki. "Shekara guda ke nan duk mai ciki ni ake turo wa. Wai Baba ya tsufa da surutun masu ciki, wannan ta ce nuna min kai, wannan ta ce nuna min ƙafa. Shi ya zaɓi na ƙoda, masu kwanciya su yi shiru. Ni ake bar wa hayaniya, sannan a ce ba ni da fara'a."

Tela ta koma benci ta zauna. Takardu huɗu masu gaskiya duka na rana ne, na Dogo. In shi ke yin ha'inci don ya huta, a nasa aikin zai yi. In kuma so yake ya ɓata sunan Baba ya gaji kujerarsa, ba zai shekara yana yi bai kai ƙara ba. Ta cire shi. Da ta cire shi sai ta ga babu wanda ya rage sai wanda ba ta sa a lissafi ba.

Ta tuna matar da ta koya mata ɗinki. A ƙarshen rayuwarta takan miƙo allura ta ce, "Sa min zare, hannuna da maiƙo." Kullum hannunta da maiƙo. Yankanta ya fara karkacewa, alli ya fara barin layi, amma hannun bai manta komai ba, kuma ba ta taɓa cewa ba ta gani ba.

Baba ya fito daga ɗakin hoto yana shafa bango da yatsu biyu. Ya wuce ta gabanta, tazarar kamu ɗaya, bai ce komai ba.

"Baba, ina kwana."

Ya tsaya cak, fuskarsa ta washe. "A'a, Tela! Ya jikin 'yar tawa?"

"Da sauƙi," in ji ta.

Wannan karon ba ita kaɗai ta shiga wajen Likita ba. Ta jera takardu bakwai a teburinsa, hotunan a sama, sannan Gwaggo ta ɗaga gefen riga ba tare da an tambaye ta ba.

"Ɗana, ga inda aka auna goma da ɗigo huɗu. In ka same ta ka gaishe min da ita."

Likita ya ajiye biro. Ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ya koma farko. Ya aika a kira Baba da Dogo.

"Ka bar ni in yi tambaya ɗaya," in ji Tela, "kafin ka ce komai."

Da suka shigo, ta zaro ɗaya daga cikin takardun Dogo, wadda aka buga takwas da ɗigo tara, da tara da ɗigo uku. Ta sa wa Baba a hannu.

"Baba, takardar Auta ce. Ka san ni da karatu. Karanta min awon da bakinka, hankalina ya kwanta."

Baba ya gyara tabarau. Ya riƙe takardar yadda mai karatu yake riƙewa, har yana bin layi da yatsa.

"Ta dama goma da ɗigo ɗaya. Ta hagu goma da ɗigo huɗu. Lafiya lau, Tela. Ki kwantar da hankalinki."

Dogo ya leƙa takardar ta kan kafaɗarsa, ya ja da baya har ya bugi ƙofa.

"Baba," in ji Likita a hankali, "yatsu nawa na ɗaga?"

Baba ya juya wajen muryar. Ya lalubi kujera ya zauna.

Tela ce ta yi bayanin, a tsaye. Ta ce hoto ɗaya ne ake sake bugawa, an yanke samansa don sunan mai shi da kwanan wata suna wurin. Yankan a karkace yake don mai yankan da yatsa yake bin gefen, ba da ido ba. Rubutun yana barin layi don mai rubutun ba ya ganin layin. Ya guji masu ciki don su za su ce a nuna musu abu a jikin gilashin na'ura. Ɗakin hoto kullum a duhu yake, kowa lalube yake yi a ciki, shi ya sa babu wanda ya lura. Sauran aikin kuwa, juyi da jan numfashi, hannunsa ya haddace shi shekara talatin.

"Hoton wa ne?" in ji Likita.

"Wani direba," in ji Baba, kansa a ƙasa. "Shi ne na ƙarshe da na auna da idona. Lafiyayye ne. Hoton yana ajiye a cikin na'urar, yatsana ya san maɓallin." Ya cire tabarau ya riƙe a cinya. "Cewa na yi wata ɗaya, kafin in samu a duba min idon. Sai wata ya zama biyu. Tun da mai ɗakina ta rasu, in na koma gida babu mai ce min sannu. A nan ne kawai ake kirana Baba. Na ce ai yawancin masu zuwa lafiyarsu ƙalau."

"Yawanci," in ji Tela.

"Tela..."

"Ka zo gidana. Ka zauna a tabarmata ka ce min haƙuri."

"Da na ji ya rasu, kwana uku ban ci abinci ba."

"A rana ta huɗu ka koma ka buga wa wani. Da aka kawo maka 'yarsa, ka ce mata 'yata, ka buga mata."

Likita ya ɗaga waya ya kira 'yan sanda, sannan ya ce wa Sakatariya ta fito da sunan duk wanda aka yi wa hoton ƙoda da safe tun bara, a nemo su ɗaya bayan ɗaya. Ya juya ga Tela. Ya buɗe baki kamar zai ba da haƙuri, sai ya ce, "Je ki kawo yarinyar yanzu."

Kafin azahar Auta na kwance a ɗakin hoto. Dogo bai yi tsaki ko ɗaya ba. Ya juyo da gilashin na'urar wajen Tela, ya nuna mata ƙodar, wani abu mai kamar ƙwayar wake a cikin hazo. Ya sa 'yar alama a wannan ƙarshen, ya sa a wancan, lamba ta fito a gefe. Ya goge, ya sake, har sau uku.

"Ki karanta da kanki," in ji shi.

"Ta hagu takwas da ɗigo ɗaya." Ya juya Auta, ya sake aunawa. "Ta dama tara da ɗigo biyu."

Likita ya duba, ya rubuta gwajin jini nan take, ya ce a ba ta gado. Ya ce ta hagu ta fara tsukewa, ta dama tana riƙe. Ba zai yi alkawarin warkewa ba, amma an zo da sauran abin da za a tare.

Da Tela ta fito neman ruwa, Baba na zaune a benci shi kaɗai, ɗan sanda a tsaye a gefe yana rubutu. Mutanen layi sun ja baya sun bar masa bencin gaba ɗaya. Ya gane takunta.

"Tela, na yarinyar nawa ya fito?"

Ta so ta wuce. Ta tsaya, ta faɗa masa.

Ya gyaɗa kai a hankali. "Da sauranta. In aka kula, da sauranta."

"Na ubanta ma da sauransa a lokacin."

Ɗan sandan ya ce a tafi. Baba ya miƙe, ya nufi bango. Tela ta dube shi har ya kusa buga goshi.

"Ƙofar tana hagunka," in ji ta, ta juya.

A ɗakin marasa lafiya an ɗaura wa Auta ruwa, an sa mata matashi biyu a ƙarƙashin ƙafa. Kowane gado da mutum biyu ko uku a kewaye, ana hira ƙasa-ƙasa. Gadon Auta kujera ɗaya aka ajiye masa, kuma ta isa.

"Inna, irin ciwon babana ne, ko?"

Tela ta zauna, ta jawo kujerar kusa, ta kama hannun da babu allura.

"Irinsa ne," in ji ta. "Amma ke an gan ki."